Baba a Gaban Murhu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Malam da yara, ya zaman Legas? Mu nan Mairuwa muna lafiya, jikin Inna da sauƙi.

Yaya, na ga abin da har yanzu ya tsaya mani a rai. Ranar Laraba ina kallon fim a waya, na wani kuku da ke yi ma matarshi marar lafiya girki. Baba ya zauna gefena ya kalla har ƙarshe. Washegari na dawo ɗibar ruwa na iske shi tsugune gaban murhu, hayaƙi na sa shi hawaye. Baban da ko ruwan sha sai an miƙa mashi. Saura kaɗan bokitin ya suɓuce mani.

Na ce, "Baba, kawo in ƙarasa."

Ya ce, "Bar ni, Binta. Shekara arba'in tana dafa mani."

Faten tsaki ya yi, gishiri ya zarce. Inna, da ta yi sati biyu sai kunu, ta cinye tas tana share ido.

Ku ƙara sa ta a addu'a. Ki gaishe mani da kowa.

Ƙanwarki,
Binta