Ma'aunin Ɗakin Inna

Litinin, 3 ga Nuwamba

An ba mu aikin gidan jinyar tsofaffi. Duk gine-ginen garin nan, sai wannan. Manaja ya miƙo min takardun yana ta fara'a, wai ai kusa da gidana ne. Ban gaya masa mahaifiyata na kwance a hawa na biyu ba. In ce masa me?

Aikin da muka saba ne. Mu ɗora manhaja a kwamfutar ɗakin injuna, mu haɗa ta da ma'aunin zafi na kowane ɗaki da bawul ɗin da ke buɗe ruwan ɗumi ko ya rufe shi, da na'urorin sanyaya, yadda mutum zai zauna wuri ɗaya ya ga ginin gaba ɗaya. Ni da abokin aikina Dogo ne, kuma dole mu gama kafin sanyi ya kankama.

Akwai ƙofar baya ta masu kawo kaya. Ta nan zan riƙa shiga.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ɗakin injuna yana can ƙasa, ba taga, sai ƙugin famfo da warin tsatsa. Kwamfutar da suka ba mu ta tsufa har tana nishi in an kunna ta. Dogo ya ce a nema mata gado a sama, ita ma ta cancanci jinya. Manhajar ta ƙi hawa har sau uku, sai da na share tarkacen da ke ciki sannan ta yarda.

Ina aiki ina jin bututun da ke saman kaina. Wani reshensa ɗakin Inna ya nufa.

Rabona da ita tun damina. Ranar na shiga da sallama, ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce wa Yaya, babbar 'yarta da ke jinyarta, "Wa ya bar baƙo ya shigo mana?" Can kuma ta tambaya ko Auta ya dawo daga makaranta, ga shi rana ta yi. Ni ne Autan, ina tsaye gabanta da furfura a gemu. Na fita na zauna a mota, na daɗe ban iya tayar da ita ba.

Ba zan iya sake jin wannan ba. Ban iya ba, shi ke nan.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Yaya ta ji. Babbar nas ce ta gan ni a ƙofar baya ta gaya mata. Ta kira ni da rana: "Auta, ashe kana ginin? Matakala ce kawai tsakaninka da uwarka." Na ce aiki na zo yi, ba a yarda mu riƙa shiga ɗakunan mutane haka nan ba. Ƙarya ce, ita ma ta san ƙarya ce. Ta ce Allah ya taimaka, ta kashe.

Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Yau raɗa suna. Kowane ma'auni yana da lambarsa a cikin manhaja, ni ke gaya mata wannan lambar ta wane ɗaki ce, kuma wane bawul zai riƙa bin maganarta. Da tsohon zanen ginin na yi aiki, wanda ya sha ninki har ya yage a tsakiya, wasu lambobin an goge an sake rubutawa da biro.

Ɗaki na sha huɗu nata ne. Na sha biyar na wani tsohon direba ne, a ƙarshen baranda. Da na zo kan nata sai hannuna ya tsaya. Na saita shi ya fi na kowa ɗumi da digiri ɗaya. Inna ba ta son sanyi, ko da zafi sai ta sa safa.

Ko ba komai na yi mata wani abu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Gwajin ɗaki-ɗaki. Wannan ne ba a tsallakewa, ni da bakina nake gaya wa sababbin ma'aikata. Ɗaya ya zauna gaban kwamfuta, ɗaya ya bi ɗakuna, ya rufe ma'aunin da tafin hannunsa har ya ɗumama. In lambar da ta hau a allo ta ɗakin da kake tsaye ce, to an haɗa daidai. Zane yana ƙarya, hannu ba ya yi.

Dogo a ƙasa, ni a sama da waya a kunne. Tsofaffin suna ta kallona ina dafe bango kamar mai jin jiri. Wata ta tambaye ni ko ciwon kai nake, ta miƙo min man shafawa. Muka yi ta tafiya lafiya har ɗaki na sha uku.

A ƙofar sha huɗu na ji muryarta, tana yi wa wani faɗa kan an bar ruwa na zuba. Muryar nan dai, ba abin da ya canza. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na sauke.

Na ce wa Dogo biyun ƙarshe suna barci, zan dawo. Da ya fita cin abinci na sa musu alamar an gwada. Duk sauran sun dace da zanen, me zai sa waɗannan biyu su bambanta?

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na sa manhajar a wayata, wai don in ga gargaɗi ko ina gida. Amma ɗaki ɗaya nake buɗewa.

Zafin ɗakin yana fitowa kamar zare a miƙe. Nata yana sama, ɗumi sosai. Kullum da safe kuma sai zaren ya faɗo ƙasa, ya jima, ya sake hawa. Na daɗe ina kallo kafin na gane: taga take buɗewa! Haka take yi tun muna yara, kafin komai sai ta buɗe tagogi, wai ɗakin da bai sha iskar safe ba cuta yake tarawa. Mu muna ƙudundune muna mita, ita tana kakkaɓe shimfiɗa.

Ta manta ni amma ba ta manta taga ba. Na yi dariya, sai kuma abin ya juye min. Matata ta leƙo ta ce lafiya? Na ce mura ce.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Sanyi ya sauka sosai. Ma'aunin ɗaki na sha biyar yana ta gargaɗi wai ɗakin ya yi sanyi. Na ƙara buɗe masa bawul, bai motsa ba. Ko ma'aunin ne ya tsufa. Na kashe ƙarar gargaɗin don ta ishe ni, in an kawo sababbi mako mai zuwa sai a canza.

Dogo ya hau sama karɓo makulli, ya dawo yana dariya. Wai ya hango tsohon direban zaune da singileti yana fifita da jarida. Na ce jinin direbobi ne, sun saba da zafin inji.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun yi sa-in-sa da Yaya. Ta ce hannun Inna kamar ƙanƙara, ta kai mata bargo na biyu, in duba abin da muka taɓa a ɗakin. Raina ya ɓaci. Na ɗauki hoton allon na tura mata, digiri ashirin da biyar, ya ma fi yadda na saita. Na ce jinin tsufa ne ba ya gudu, ɗakin ba shi da laifi.

Ta ce, "Ni da nake zaune a ciki da rigar sanyi, kai da kake kallo a waya, wa ya san ɗakin?" Na ce na'ura ba ta san son rai ba. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ce mata ina ganin Inna kullum, na ma san lokacin da take tashi. Ta ce, "Kana ganinta?" Haka kawai, ta ajiye.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Zaren ya sauka da safe. Ta buɗe tagarta. Lafiya lau ke nan.

Talata, 25 ga Nuwamba

Yaya ta kira. Tari da zazzaɓi, likita ya ce sanyi ya shiga ƙirjin Inna, an sa mata ƙarin ruwa. Na ce to dole, tunda kullum sai ta buɗe taga a wannan sanyin, ku hana ta mana.

"Wace taga?" in ji Yaya. "Inna ta fi mako ba ta sauko daga gado ba. Tagar ma a rufe take da labule tun farkon wata."

Na zauna a kan akwatin kayan aiki. To wa nake kallo?

Laraba, 26 ga Nuwamba

Na gaya wa Dogo gaskiya, cewa ban gwada ɗakunan nan biyu ba. Ya ja kujera gaban kwamfuta ya ce in hau.

Sanyin ɗakin ne ya fara dukana tun daga ƙofa. Na taɓa bututun, ba ɗumi ko kaɗan. Inna tana kwance ƙarƙashin barguna, ta ƙanƙance, sai numfashi mai ƙara. Yaya na gefe, ba ta ko ɗago ba. Na je bango na rufe ma'aunin da tafina, na jira.

Muryar Dogo a waya, a hankali: "Sha biyar ne ke hawa."

A juye suke a zanen. Ma'aunin Inna yana ta kukan sanyi, ni ina ta tura wa direba zafi. Ɗakinsa ya zama tanda, ma'auninsa ya ce zafi ya isa, sai manhaja ta rufe bawul ɗin Inna. Shi ne mai buɗe taga, bawan Allah, don ya sha iska. Ƙarar da na kashe Larabar da ta wuce, ɗakinta ne ke kirana.

Gyaran bai ɗauki komai ba, lamba biyu na musanya. Kafin in sake hawowa bututun ya fara ɗumi. Abin da ya fi ci min rai ke nan, sauƙinsa.

Inna ta buɗe ido ta gan ni tsaye da jaka. Na jira ta rufe fuska. Sai ta ce, "Mai gyara ne? Sannu da aiki, ɗan nan." Na ce yauwa, Inna.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Na faɗa wa manaja da babbar nas, ban rage komai ba. Manaja ya ce za a zauna a kai. Su zauna.

Na tare likita a baranda na tambaye shi ko sanyin ɗakin ne ya jawo. Ya ce masu shekarunta suna kamuwa ko a ɗaki mai ɗumi, ba wanda zai iya rantsewa. Na san yana so ya sauƙaƙa min ne. Bai ce a'a ba dai.

Na shiga na ba tsohon direba haƙuri. Ya ce shi ya ɗauka gata ake masa.

Yaya har yanzu ba ta ce min "ban gaya maka ba". Ta matsa min a benci kawai.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Zazzaɓin bai sauka ba. Ba ta ci komai ba.

Talata, 2 ga Disamba

Mun miƙa aikin. Ni da Dogo mun sake bin ɗakunan duka da hannu, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya sa mu.

Na ce wa babbar nas zan riƙa leƙowa duba ma'aunin sha huɗu, tunda shi ya ba da matsala. Ta dube ni ta ce ai kuwa yana bukatar dubawa sosai. Na shiga da sukundireba, na buɗe murfin, na rufe. Ba abin da ya same shi. Sai na zauna.

Inna ta ɗan farfaɗo, amma likita ya ce kada mu sa rai ta koma yadda take. Ta saba da ni yanzu, in na shigo sai ta ce wa Yaya mai gyara ya zo, a ba shi wuri. Tana ba ni labarin ɗanta Auta. Wai akwai ƙwaƙwalwa, rediyon gidan duk ya kwance shi, sai dai taurin kai, in ya yi laifi ɓuya yake har sai yunwa ta koro shi. Yaya ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Juma'a, 5 ga Disamba

Inna ta kama hannuna yau, da hannuwanta biyu. Ta ce, "Kai hannunka da ɗumi." Ta riƙe ta ƙi saki, na bar mata har nata ya ɗumama.

Da zan tafi ta ce in na ga Auta a hanya in ce masa ya sa rigar sanyi, ba ya jin magana, haka yake fita. Na ce zan gaya masa. Ta ce in tabbatar.

Na kai mota kafin abin ya ci ƙarfina.

Talata, 9 ga Disamba

Ban buɗe manhajar a waya ba tun ranar Asabar, ba lokaci. Jakar kayan aikin ma a gida na baro ta, sai da na kai ƙofar gaba na tuna, kuma komawa nisa.

Ba ta yi magana sosai ba yau, barci ya fi yawa. Da ta farka ta daɗe tana kallon rigar sanyin da ke jikina. Ta kai hannu ta ja min wuyan rigar sama, ta gyara, yadda take yi in za mu fita makaranta.

"Ka gaya masa?" ta ce.

Na ce na gaya masa, Inna. Ya sa.