Gorar Ruwan da Ka Aiko

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya da iyalinsa. Da gaske nake tambayar lafiyarka, domin yanzu lafiyar jikinka ce kaɗai abin da ya rage mana.

“Ko duka biyun suke so, su cire.” Kai ka faɗi haka a gaban likita, hannunka a kan 'yarmu, 'Yar Baba, ranar da aka ce ƙodarka ta dace da jikinta, tawa ba ta dace ba. Na rubuto maka maganarka ne don na ga alamar ka manta da ita, wayarka kuma kullum a kashe.

Ka ba ni labarin sau ɗaya, sauran a bakin mutane nake ji. Ranar gwajin ƙarshe, bayan likita ya zana maka inda zai tsaga, ka fito ka zauna a bencin baranda. Sai ka ji kamar an ɗora hannu mai sanyi a ƙirjinka, tsoro ya fita, ka san cewa akwai Allah kamar yadda ka san sunanka. Daga nan ka ce an nuna maka yarinyar ta warke, hawa gadon tiyata kuma zai zama shakka ga abin da aka nuna maka. Ka tattara ka koma shagon Yaya, inda na ji har benci ake ƙarowa don masu zuwa sauraronka.

Kai fa, malamin kimiyya. Kai da ka shekara ashirin kana tsokanata in na shimfiɗa darduma, kana cewa in gaishe maka da wanda nake magana da shi. Na roƙa maka shiriya har goshina ya yi baƙi. Ga shi an amsa, ni kuma na rasa bakin godiya.

Ban ce ƙarya kake yi ba. Na san fuskarka in kana ƙarya, kunnenka kake sosawa, ranar kuwa ba ka sosa ba. Amma tafinta ce ni a kotu, na tsufa ina kallon mutanen kirki suna rantsuwa da hawaye a kan abin da daga baya ya zama ba haka ba. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Na ɗauko littattafan da ka bari a kantar ɗakinmu, har waɗanda ka ja wa layi da jan biro. Wasu sun ce abin da mutane da yawa suka ji a zamanai daban-daban ba za a watsar da shi ba. Wasu sun ce zuciyar da tsoro ya matse tana iya ƙera wa kanta mafita. Na karanta duka, ban iya yanke hukunci ba. Abin da ka ji hujja ce a wurinka, na yarda. Ni dai labari ne ya iso mini, kuma ba zan cire 'yata daga kan na'urar wankin ƙoda saboda labari ba.

Ni ban taɓa jin komai ba, in gaya maka gaskiya. Ba hannu, ba haske, ba sanyi. Sallata kamar shara ce, in gari ya waye in yi. Da wannan busasshen imanin nake kai ta wankin ƙoda, in riƙe mata roba in tana amai, in goge mata leɓe da jiƙaƙƙen auduga saboda an ƙayyade mata ruwan sha.

Kullum sai ta tambaye ni kai. Ce mata nake ana ƙarasa maka gwaje-gwaje.

Ka dawo, don girman wanda ka ce ka sani yanzu. Ka gaida Yaya.

Matarka.

*

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Mu ba mu tashi lafiya ba.

Saƙonka ya iso. Maimakon amsar wasiƙata, ka ba matar Yaya babbar gorar ruwa da ka yi wa addu'a, ta kawo asibiti lokacin ina kotu, ta ce wa yarinya Babanta ya ce ta shanye duka, ta warke. Matar Yaya ba ta san komai ba, ba na ganin laifinta. Amma kai kana zaune ranar da nas ta ɗaga ɗan ƙaramin kofi ta ce wannan biyu a yini, kada a wuce, domin ƙodar ba ta fitar da ruwa. Har ka yi wa nas ɗin lissafin a bayan takardar magani, kana gyara mata.

Yarinyar da ta yi wata da watanni tana kallon famfo kamar mai kallon Aljanna, aka miƙa mata gora cike, da izinin ubanta. Ta shanye. Da na iso na tarar ruwan ya hau huhunta, an ɗaga kan gadon, an rufe mata fuska da robar iska, tana jan numfashi kamar wadda ake dannawa cikin rijiya. An yi mata wankin gaggawa, ta farfaɗo. Ka san abin da ta fara faɗa? Wai kada in yi fushi da Baba, ita ce imaninta bai kai ba.

A nan ne na daina yi maka uzuri.

Na sake juya labarinka a kaina, kamar yadda nake juya maganar shaida kafin in mayar wa alƙali. Ka ce hannu, ka ce sanyi, ka ce tsoro ya fita. Ko sau ɗaya ba ka ce an yi magana ba. Hannun bai ce ta warke ba, Maigida. Kai ka ƙara wannan. A wurin aikinmu, tafintan da ya ƙara kalma a bakin shaida korarsa ake yi a ranar. In ma Allah ne ya taɓa ka a bencin nan, kuma ina fatan Shi ne, me ya sa ba ka ɗauka Ya cire maka tsoron ne don ka iya kwanciya a yanka ka ba? An ba ka ƙarfin zuciya, ka kwashe shi ka kai shago kana rabawa.

Likita ya ce zuciyarta ta fara gajiya da wankin. Ya riƙe mana ɗakin tiyata zuwa Litinin da hantsi. In ba ka zo ba zai ba wasu, kuma bai ɓoye mini ba, bai san ko jikinta zai kai wani zagayen ba.

Na wanke maka jallabiyar nan mai laushi, na sa a jaka tare da silifas ɗinka da tabaranka na karatu. Jakar tana ƙarƙashin gadonta. In ka zo, ba zan ce maka uffan ba, har abada ba zan tayar da zancen gora ba. Ka riƙe Allahnka da ka samu, ka shiga da Shi.

In hantsin Litinin ya wuce ban gan ka ba, zan bi gidajen 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da gorar nan a hannu, in durƙusa wa duk wanda zai yarda a gwada jininsa. Amma kafin in fita zan zauna a bakin gadonta. Za ta tambaye ni ina Baba, kamar kullum. Na gaji da gyara maka magana. Zan faɗa mata abin da ka yi alkawari da abin da ka aikata, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi, kamar yadda na yi rantsuwa zan riƙa yi a gaban alƙali.

Ta ce in gaishe ka. Ta ce ruwan ya yi daɗi.

Uwar 'yarka.