Ɗakin Awaki Bai Faɗi Ba

Zuwa ga jikana Mahsun, a gonar kwakwar manja, Malesiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, angona mai gudun tsohuwar matarsa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san aji uku na yi. Mu nan tsibirin Lombok muna inda girgizar ƙasa ta bar mu, ƙarƙashin tamfal. Babanka ya fara taka ƙafarsa da ta ji rauni. Uwarka kuwa, tun da muka binne ƙanwarka Rohani ba ta ƙara zama kusa da bango ba.

Saƙonka ya iso, wai a sake gini da bulo, har a ɗora bene, don kada dangin Sumiati, yarinyar da kake nema, su ce ka koma gidan gora. Na yi dariya, sannan na yi kuka. Ka tuna ɗakina na katako da gora, wanda kakanka ya ɗora ginshiƙansa a kan duwatsu bai binne su ba, ya ɗaɗɗaure da igiya? Ranar da aka gama gidan siminti, kai ne ka ce ɗakin nawa sai awaki, kuka kwaso ni, kuka zuba su. To, da ƙasa ta motsa, ɗakin ya taka rawa irin tawa a bikin uwarka, ya koma ya zauna. Ko akuya ɗaya ba ta yi ɗingishi ba. Rohani kuwa tana cikin gidan bulo tana tsintar shinkafa.

Babanka yana jin nauyinka, tunda guminka ne ya gina gidan bulon da ya rushe. Magini ya ce in an sa rodi mai kauri, bulo ma zai tsaya. Wataƙila gaskiyarsa. Amma uwarka, wadda ta kwana arba'in ba ta magana, ta ce, "Ba zan ƙara sa 'ya'yana ƙarƙashin abin da ba zan iya ɗagawa ba." Na ga hannuwanta ranar da ta tono Rohani, Mahsun. Babu farce ko ɗaya.

Saboda haka jibi za a fara saran gora. In Sumiati ta raina gidan, ga ni nan, ban tsufa ba.

Babanka da ƙannenka Sahdan da Murni suna gaishe ka. Ka gaishe min da kawunka Jumadil. Jiya mun kori awakin, mun share ɗakin. Uwarka ta shiga da ƙafarta, ta kwanta, har yanzu ban tashe ta ba.

Kakarka,
Senah