Baba Ya Ba Ni Littafinsa

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikinka, yaya Saratu da yara, yaya zaman Legas? Mu nan Lafia sai godiya.

Sai dai Baba. Kwana biyar ke nan bai ci abinci ba, Zabura kawai yake so in karanta masa. Da na kai masa kunu ya ce, "Ajiye, Rifkatu, karatun nan yana ƙosar da ni." Ni ma Maganar Allah ba ta taɓa shiga zuciyata haka ba. Jiya ya miƙa mini Littafinsa Mai Tsarki, ya ce in ya rasu a yi masa kabari a gonarsa ta Adogi.

Ka yi mana addu'a, ka gaida mutanen gida. Yaya, kada ka jira Kirsimeti.

Ƙanwarka,
Rifkatu