Farfesa da Kwafin Kabon

Gusau, Laraba da dare, daminar 1998

Yanzu na dawo daga jami'a, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota, ko tuwo na kasa ci.

Laifina ne, na sani. Malam Isa mai tafireta a Sabon Gari ya buga mini babi na uku na kundin digirina, asali ɗaya da kwafin kabon ɗaya. Garin sauri na musanya ambulan. Asalin ya tafi wurin Dakta, ƙaramin mai duba aikina, kabon kuma ya faɗa hannun Farfesa, wanda shi ya koyar da Daktan.

Yau Farfesa ya ɗaga takardun da yatsu biyu ya ce, "Malam Bello, wato ni ne na kabon?" Na durƙusa ina ba da haƙuri. Shafi ɗaya tak ya buɗe, ya ga hirata da makiyayan Tsafe, ya ce in cire su duka, manoman Kekun Waje da na yi hira da su sun isa.

Na wuce ofishin Dakta. Ya ce in na cire makiyaya ba zai sa hannu ba. Na roƙe shi su zauna su daidaita. Ya yi dariya. "Ni in yi wa malamina gyara? Kai dai ka san yadda za ka yi."

Wata huɗu ina bin rugage a kan babur! Ga hutun karatuna saura wata biyu.

Gobe Malam Isa zai buga sau biyu, kowa da asalinsa. Wannan mai sauƙi ne. Amma babin da akwai makiyaya kuma babu makiyaya, wa zai buga mini shi?