Tsinken da na sa a kunnen 'yata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe. Zagin ma na cancance shi, amma shawara nake nema, kuma kafin ranar Alhamis nake bukatarta.

Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafar fadama, wato daminar bara, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da takwas. Na faɗi haka ne don ku san da hannuna nake wannan rubutu, kwana uku ke nan ina yi ina gogewa. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Yalwan Damai, da rani kuma ina lambu. Mai ɗakina 'yar Dingaya ce ta ƙasar Gwaram. 'Ya'yanmu huɗu, uku maza, mace ɗaya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Shekarunta goma sha ɗaya, kuma ita ce take duba mini aikin gida idan na dawo daga aji. Takan ce, "Baba, wannan baƙin naka ya juya baya," ta kama hannuna mu gyara.

Ba a huda wa Ummi kunne tana jaririya ba. Dangin uwarta fatarsu ba ta son rauni. Ƙanwar mai ɗakina da aka huda mata, nama ne ya tsiro a wurin har ya kai girman goruba, sau biyu ana yankewa yana dawowa. Saboda haka ranar da wata tsohuwa mai huji ta zo gidanmu da allura da zare, mai ɗakina ta rungume jaririyarta ta ce ita ba ta yarda ba, ni ma na ce a bari. Haka Ummi ta taso. A gidan biki ƙawayenta su yi ta ce mata namiji, su ce wa zai auri mai kunnen maza. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Wata rana dai na shigo na same ta gaban madubi, ta yanka takardar alewa mai ƙyalli tana manna ta a kunne da ƙaro. Da ta gan ni sai ta cire da sauri ta ɓoye a tafin hannu. Wane uba ne zai ga wannan zuciyarsa ba ta motsa ba?

Ana saura mako guda ƙaramar Sallah ta bana, surukata ta kwanta ciwo, mai ɗakina ta tafi Dingaya jinya. Ta ce zai yi wuya ta dawo kafin wata biyu. A nan na yi lissafina na wauta. Na ce a raina, jinina ma ai yana jikin yarinyar nan, mu kuma danginmu babu mai wannan tsiro. In aka huda yanzu, kafin uwar ta dawo ya warke, ta gani da idonta babu abin da ya faru, ta yi faɗanta na kwana biyu ta haƙura. Na ɗauki Ummi a babur muka shiga Birnin Kudu, wurin wata mata mai shagon kayan kwalliya da take huji da wani ƙarfe mai kama da bindiga. Matar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Ta wanke hannu, ta goge kunnen, ta huda, ta sa ƙananan 'yan kunne masu farin dutse. Sannan ta yi mini bayani, ta kuma ba ni 'yar takarda da aka buga da Hausa. A kan hanya na tsaya a inuwar wata tsamiya na karanta ta da kaina, Ummi tana leƙowa ta kafaɗata. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma. A wanke hannu kafin a taɓa. Kada a cire ɗan kunnen sai bayan mako shida. Kada a rufe wurin, a bar shi ya sha iska. In ya kumbura ko ya yi mugunya a je asibiti. Babu kalma ɗaya da ta gagare ni. Da ban iya karatu ba, da yau sai in ce jahilci ne ya ja mini. Takardar tana nan a tsakiyar littafina na aji.

Kwana tara na bi ta sau da ƙafa. Kullum bayan asuba in ɗumama ruwa, in sa gishiri, in goge mata da auduga, da la'asar in sake. Wurin ya bushe, babu ja babu kumburi. Ranar Sallah yarinyar nan har karkata kai take yi idan tana gaishe da mutane a cikin gida, don 'yan'uwanta su gani, ni kuma na riga na ja wa mazan kunne kada wanda ya kai maganar waje. A rana ta tara da hantsi waya ta shigo. Mai ɗakina ce, ta ce jikin Inna ya yi sauƙi, ga ta a tashar Gwaram ta shiga mota. Wallahi ban san lokacin da na kira Ummi ba. Na zare 'yan kunnen da hannuna, na hagu ya ƙi fita sai da na ja, jini ya biyo. Na tuna yadda mahaifiyata take yi wa ƙannena don kada huji ya toshe, sai na karyi tsinken tsintsiya gajeru guda biyu na zura mata. Na ce ta ɗaure ɗankwali ya rufe kunnuwa, ta ɗora hijabi. Sannan na ce ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa ba sai na samu lokacin da zan yi wa uwarta bayani. Ta ce, "Na yi alkawari, Baba." Mazan kuma na tsorata su da bulala.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Da mai ɗakina ta ga yarinya da hijabi a tsakar gida cikin zafin bazara, ta tambaya. Na ce ni na sa ta, ta fara girma, gara ta saba tun yanzu. Ta ji daɗi, har ta ce Allah ya saka mini. Da addini na rufe ƙaryata, jama'a. Kullum in ce yau zan faɗa, in na ga fuskarta sai in ce gobe. Ni mutum ne da aka sani da haƙuri, ban taɓa ɗaga mata murya ba cikin shekara ashirin, ashe wani haƙurin tsoro ne kawai.

Tunda ba zan iya ɗumama ruwa a gida ba tare da an tambaye ni ba, sai na riƙa tafiya da Ummi lambu da sassafe, wai ta taya ni cirar albasa. A can nake duba kunnen, da hannun da na gama taɓa taki. In zare tsinke, in sa sabo. Zufa tana jiƙa ɗankwali ya manne a wurin yini guda. A kwana na huɗu ya yi ja, a na shida ya fara ruwa mai wari. Takarda ta ce a je asibiti, amma in na kai ta asibiti me zan ce a gida? Sai na sayi kafso ja da rawaya a tiren mai yawo da magani, in buɗe in barbaɗa garin a kan ciwon, in ba ta ɗaya ta haɗiye. Kwana takwas ina haka. Wata safiya na zo zare tsinken hagu ya karye, rabi ya saura a ciki, nama ya kumbura ya rufe shi. Ummi ta ciji gefen hijabinta, hawaye yana zuba, ba ta yi ƙara ba. Na ce mata zai fito da kansa.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ita, kaluluwa ta fito mata a wuya. Uwarta ta zo goge mata jiki da ruwa ta cire ɗankwalin. Ina zaure na ji salatinta. Da na shigo ta riƙe kan yarinyar tana cewa, "Malam, zo ka ga abin da aka yi mana." Ta juya wajen Ummi ta tambaye ta wa ya huda mata. Ummi ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Uwar ta tambaya har sau uku, ta girgiza ta, daga baya ta mare ta, tana cikin zazzaɓin nan. Ina tsaye. Ban hana ta ba.

Muna da maƙwabciya, zan kira ta Lami, shekara goma sha ɗaya katangarmu ɗaya. Ita ke yi wa matan unguwa kitso da lalle, ita ke huda wa jarirai kunne, kuma ita ta yi wa Ummi kitson Sallah kwana ɗaya kafin in kai ta Birnin Kudu. Mai ɗakina ta haɗa wannan da wancan ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Ta katanga nake jin su. Lami tana rantsuwa tana cewa, "Haba Yaya, ni da na san tarihin gidanku? Ni da na riƙe miki ita ranar suna?" Mai ɗakina ta ce tsinken tsintsiya aikin masu hujin gargajiya ne, wa ya san shi a unguwar nan in ba ita ba. Daga ranar mata suka daina kai wa Lami 'ya'yansu. Mijinta ya same ni a masallaci, bai yi faɗa ba, ya ce, "Malam, kai mai gaskiya ne, ka bincika a hankali." Na ce masa in sha Allah.

A asibiti a Birnin Kudu sai da aka tsaga fatar kunnen hagu aka ciro tsinken, aka yanke inda ya riga ya ruɓe. Likitar ta tambaye mu kwana nawa da hujin, me aka riƙa sawa a wurin, kuma ko yarinyar ta sha wani magani. Ta ce mu faɗi gaskiya, domin da amsar za ta san irin maganin da za ta ba ta. Mai ɗakina ta ce ba ta sani ba. Ni ma na ce ban sani ba. Aka ba mu magani muka dawo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, zazzaɓin yana sauka yana dawowa, ciwon bai daina ruwa ba. Da muka koma makon jiya likitar ta sake tambaya, ta ce maganin ba ya ci yadda ya kamata, kamar an riga an sha wani abu ba bisa ƙa'ida ba. Ta ce in bai canza ba zuwa Alhamis za a kwantar da ita, kuma tana tsoron kada ciwon ya haura zuwa saman kunnen. Shin kafson nan ne ya jawo? Shin da na yi magana tun ranar farko da yanzu ta warke? A kunnen dama kuma, wanda bai ruɓe ba, na taɓa na ji wani ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar masara. Uwarta ba ta lura ba tukuna. Ni na san ko mene ne, na ga na ƙanwar mai ɗakina.

Mai ɗakina ta ce ranar Juma'a za ta kai ƙarar Lami wurin mai unguwa, kuma ta ce duk wanda ya yi wannan aiki ba za ta yafe masa ba duniya da lahira. A gabana ta faɗa, tana zuba mini tuwo. Ina tsoron in faɗa ta tattara 'ya'yanta ta koma Dingaya. Ina tsoron idon mijin Lami. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne in yi shiru a yanke sauran kunnen. Na yi tunanin in bi likitar ni kaɗai in gaya mata a ɓoye, to Lami fa? Marin da aka yi wa yarinya a kan laifina fa?

Jiya da la'asar uwarta ta shiga wanka, na zauna kusa da tabarmar Ummi na ce mata sannu. Ba ta dube ni ba. Can sai ta ce a hankali, "Baba, ban faɗa ba." Ban roƙe ta ta ci gaba da riƙe alkawarin ba, ban kuma ce ta saki ba. Na tashi na fita.

Ga abin da aka rasa zuwa yau. Rabin fatar kunnen hagu na 'yata. Mako uku na makaranta da Islamiyya. Sana'ar Lami da zaman shekara goma sha ɗaya da gidanta. Littafina na aji kuma, tun ranar da na zare 'yan kunnen nan Ummi ba ta sake cewa in kawo ta duba ba, don haka in kun ga baƙin da ya juya baya a wannan rubutu ku yi haƙuri.

Alhamis saura kwana biyu. Wa zan fara gaya wa, likita, ko uwarta, ko Lami, kuma da wane baki? Jama'a, don girman Allah, me zan yi?