Sarki da Sarauniya a Tebur na Uku

Daren Laraba, Gawon Nama

Bayan isha'i maigida ya buɗe teburan kartarsa huɗu a kwamfuta, sai ga sallamar Baffansa a zaure. Ya miƙe a firgice ya ce, "Amarya, duk teburin da ya yi ƙara, danna ja, ki zubar da katin. Kar ki taɓa kore."

Ni da na ƙudura gobe zan kai ƙararsa wajen Baffa kan cacar nan!

Teburan suka dame ni, wannan na kira, wancan lokacinsa na ƙarewa. Na zubar da biyu. A na uku sai ga sarki da sarauniya kafaɗa da kafaɗa, kamar masoyan littafin da nake karantawa. Na kasa zubar da su. Na yi ta danna kore har muka ci.

Da ya dawo ya ce, "Mi kinka yi?" Sai ya yi dariya. "Ashe hannunki na da sa'a. Gobe biyu naki, biyu nawa."

Yanzu da wane baki zan gaya wa Baffa? Abin da ya fi ba ni tsoro, da katin ƙarshe ya buɗe, daɗi na ji.